Darasi na Bakwai: Kalmomin Gudu Daga Hukuma, Daga Bakin Titi Zuwa Gaban Alƙali

Manufofin darasi

Idan muka kai ƙarshen wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. gane kalmomin Turanci da ake faɗi idan mutum ya gudu daga hannun hukuma, ko a rediyo ya ji su, ko a jarida, ko a bakin yaran gida;
2. bambanta kalmar titi da ta jarida da ta kotu;
3. bayyana nauyin da ke kan wanda ya tsaya wa wani beli;
4. faɗin haƙƙin da tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba duk wanda aka kama.

Shimfiɗa

Wani dare a ajinmu na manya a Maamobi, bayan sallar isha'i, wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai ta tsaya har kowa ya watse. Ta kwance bakin zaninta, ta fito da wata takarda da ta ninke sau huɗu, duk ta yi laushi saboda gumi da man suya. A ƙasan takardar ga shaidar babban yatsanta da shuɗin tawada. Ta ce, "Malam, duba mini wannan. Sun ce yaron ƙanwata ya yi *jump bail*. Jikata ta ce *jump* tsalle ne. To wane tsalle ya yi, kuma me ya sa ni suke nema?"

Jikar ba ta yi kuskure ba, *jump* tsalle ne. Amma da aka haɗa shi da *bail* sai ya zama wani abu dabam. Watanni uku kafin wannan dare, dattijuwar ta dangwala yatsa don a sako yaron, a zatonta shaida ce kawai ta bayar cewa ta san shi kuma ta san gidansu. Ba wanda ya karanta mata takardar da Hausa. Ashe alkawari ta ɗauka cewa idan yaron ya ƙi zuwa kotu, ita za ta biya kuɗin da aka rubuta.

Saboda irin wannan uwa muke wannan darasi. Daga Zongo Lane zuwa Sabon Zango, daga Nima zuwa Fadama, muna zaune ne a birnin Akra, wanda iyayenmu ke kira Ankara, inda ɗan sanda da lauya da alƙali duk da Turanci suke rubutu. Wanda bai san waɗannan kalmomi ba, sai a yi magana a kansa yana zaune bai sani ba.

1. Kowane harshe yana da rigar gida da rigar fita

Mu fara da namu. Idan ɓarawon waya ya ga an taso masa, Bahaushe zai ce ya arce, ko ya ranta a na kare, ko ya cika wa wandonsa iska, ko ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Idan ya ɓace ba a san inda ya shiga ba, sai a ce ya yi layar zana. Idan a hankali ya fice ba wanda ya lura, sai a ce ya sulale. Duk gudu ne, amma kowace kalma da hoton da take zanawa.

Sai dai ba za ka tsaya gaban Sarkin Zango ko gaban Limam ana sulhu ka ce, "Ranka ya daɗe, yaron ya ranta a na kare" ba. Cewa za ka yi ya gudu, ko bai zo ba. Haka Turanci yake. Akwai kalmomin da samari ke faɗi a majalisar shayi, akwai waɗanda 'yan jarida ke rubutawa, akwai kuma waɗanda ke cikin takardar kotu. Na ƙarshen nan su ne masu nauyi, don su ne ke iya raba mutum da gidansa.

> AKWATI NA 1
> Slang: kalmomin titi, waɗanda ake faɗi tsakanin abokai ko tsara, ba a rubuta su a takardar hukuma. Ana furta ta "silang".
> Buroka: Turancin kasuwa da tasha, wanda ya gauraya da harsunan gida.

Harshen titi na Ghana ya ari kalmomi da yawa daga bakin mutanen Zango. *Sakawa*, sunan da duk ƙasar ke kiran damfara ta intanet, daga Hausa ya fito. *Kwashe boys*, wato masu fizgar waya da jaka a kan babur, daga kalmar kwashe ne. Yana yi mini ciwo idan na ji mutum ya ɗauki waɗannan biyu ya yanke wa Zango hukunci da su, alhali waakye da yake ci kowace safiya daga wake sunansa ya samo asali, kuma kalmar kaya da ke cikin *kayayei*, wato mata 'yan dako, tamu ce. Ɗalibi ya riƙe wannan: fitowar kalma daga harshenmu ba shaida ba ce cewa aikin namu ne.

2. Kalmomin titi

Waɗanda za ku fi ji a Nima su ne na Buroka. Ɗan sanda *koti* ne. Idan aka ce *dem barb am*, an cafke shi ke nan. *Counterback* kuwa shi ne ɗakin tsare mutane a ofishin 'yan sanda, kuma Hausa tana da shi daidai wa daida: bayan kanta. Daga Najeriya kuma *japa* ta shigo, kalmar Yarbanci mai nufin tserewa, ko da yake yanzu an fi amfani da ita ga masu barin ƙasa neman aiki a Turai da Amurka, waɗanda ba laifin kowa suka yi ba.

Sauran sun shigo ne ta finafinai da waya. Ga waɗanda suka fi yawo.

> AKWATI NA 2
> On the lam: yana cikin gudu da ɓuya daga 'yan sanda. Ta Amurka ce.
> Do a runner: arcewa don kauce wa kamu ko biyan kuɗi. Ta Ingila ce.
> Leg it: ranta a na kare. Ta Ingila ce.
> Scarper: watsewa da gudu. Ta Ingila ce, ana furta ta "sikafa".
> Skip town: barin gari a ɓoye.
> Lie low: lafewa a wani wuri har ƙura ta lafa.
> Give someone the slip: zille wa wanda ke bin ka.
> The heat: matsin lambar 'yan sanda idan suna neman mutum.

*On the lam* tsohuwa ce, tun ƙarshen ƙarni na 19 ake jin ta a bakin ɓarayin Amurka. Ɗalibai sukan rikita ta da *lamb*, ɗan rago, saboda furucinsu ɗaya ne, amma ba abin da ya haɗa su. *Leg it* kuwa 'yar'uwar "ƙafa me na ci ban ba ki ba" ce, don *leg* ƙafa ce, kuma a duka biyun ƙafar ake roƙo ta yi aiki. *Do a runner* ta fi sauran faɗi: wanda ya ci tuwo a rumfar mai abinci ya sulale bai biya ba, ko fasinjan da ya dire daga tasi ya arce, shi ma an ce ya yi ta.

Misali na 1. Wani mai gyaran rediyo a Zongo Lane ya ga saƙo a wayar yaron shagonsa: *Koti dey come, make you lie low.* Ma'anarsa: 'yan sanda na zuwa, ka lafe. Maigidan da ya gane wannan saƙo zai zaunar da yaron ya tambaye shi tun abin bai yi nisa ba. Wanda bai gane ba, sai dai ya ga motar 'yan sanda a ƙofar shago.

Ku lura da abu ɗaya game da kalmomin nan duka. Suna da daɗin faɗi, suna sa gudu ya yi kama da wasan ɓuya na yara. Babu ɗaya a cikinsu da ta ambaci wanda aka bari a gida.

3. Kalmomin jarida da rediyo

Buɗe shafin labaran kotu a *Daily Graphic* ko *Ghanaian Times*, da wuya ka rasa waɗannan.

> AKWATI NA 3
> Suspect: wanda ake zargi.
> Nabbed: an cafke.
> Bolted: ya arce, sau da yawa da kuɗi ko kayan wani.
> On the run: yana cikin gudu.
> At large: ba a kama shi ba tukuna.
> Wanted: ana nemansa ruwa a jallo.
> Manhunt: farautar mutum da 'yan sanda ke yi.
> Hideout: maɓoya.
> Hit and run: direba ya buge mutum ya gudu.

*At large* tana yaudarar mai koyo, don *large* a wasu wurare na nufin babba. A nan ba girma ake nufi ba, ana nufin mutumin yana sake, bai shiga hannu ba. Akwai kuma ɗan bambanci tsakaninta da *on the run*. Wanda ke *on the run* ya san ana nemansa, kuma gudu yake yi. Wanda ke *at large* yana iya kasancewa a Tamale wajen bikin ƙanwarsa, bai ma ji labarin an ambaci sunansa ba.

Misali na 2. Mu fassara wannan jimla ta gwaji: *Two suspects have been nabbed, a third is at large.* Da Hausa: an cafke mutum biyu da ake zargi, na ukun bai shiga hannu ba. Duba da kyau, jimlar ba ta ce ɓarayi ba ne, ba ta ce an same su da laifi ba. Sashe na 19 na tsarin mulkin 1992 ya ce duk wanda ake tuhuma, marar laifi ne har sai an tabbatar da laifin a kotu ko shi da kansa ya amsa. Mai fassara wa maƙwabta labarin rediyo amana ce a wuyansa. Idan ya mayar da *suspect* ɓarawo, ya ɓata sunan ɗan wani da bakinsa.

Mutanen Nima da Maamobi sun ji kalmomin nan a kan unguwarsu a watan Janairun 2022, lokacin da faɗa ya ɓarke tsakanin ƙungiyoyin matasa biyu, bidiyon ya bazu a waya, 'yan sanda suka kama wasu suka kuma shelanta neman wasu. A kwanakin nan kowace tasha *wanted* da *manhunt* take faɗi.

Game da *hit and run*, dokar hanya ta wajabta wa direba ya tsaya kuma ya kai rahoto ga 'yan sanda. Direbobin trotro da na tasi sukan ce tsoron taron jama'a ne ke sa su taka mota, kuma tsoron ba na banza ba ne. Ƙasar nan ba ta manta da sojan nan Maxwell Mahama ba, wanda jama'a suka kashe a Denkyira-Obuasi ranar 29 ga Mayun 2017 bisa zaton ɗan fashi ne. Direban da ya ji ransa na cikin haɗari, ya wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa. Wanda ya yi haka ya kai kansa ne. Wanda ya wuce gida ya ɓoye mota, shi ne ya gudu.

4. Kalmomin kotu

A nan za mu daɗe, don nan ne dukiya da 'yanci ke shiga ciki.

> AKWATI NA 4
> Bail: beli, wato sakin wanda ake tuhuma bisa alkawarin zai dawo duk ranar da aka neme shi.
> Surety: mai tsaya wa wani beli. Ana furta ta "shuwati".
> Bail bond: takardar alkawarin da mai tsayawa ke sa wa hannu.
> To be justified: sai mai tsayawa ya nuna shaidar yana da dukiyar da ta kai kuɗin belin, galibi takardar fili ko gida.
> Jump bail: tsallake beli, ƙin dawowa kotu bayan an ba da beli.
> Abscond: gudu daga shari'a. Ita ce kalmar hukuma.
> Bench warrant: umarnin kamu da alƙali ke bayarwa idan mutum ya ƙi zuwa kotu.
> Forfeit: kotu ta ci kuɗin belin.

Ga yadda abin ke tafiya. An kama mutum, an kai shi kotu. Alƙali ya ce an ba shi beli na sidi 50,000 da masu tsayawa biyu, *one to be justified*. Yawanci ba a ƙirga kuɗin nan a miƙa a ranar. Wannan ne ke ruɗar mutane, sai su ga ai ba a karɓi ko kwabo ba, hannu kawai aka sa. Amma sa hannun nan bashi ne da ke barci. Muddin wanda ake tuhuma yana zuwa kotu, ba abin da zai tashe shi. Ranar da aka kira sunansa sau uku ba a ji amsa ba, alƙali zai ba da *bench warrant*, sannan a juyo kan masu tsayawa: ku kawo shi, ko ku faɗi dalilin da zai hana a ci kuɗin. Idan sun kasa, sai su biya, ko a sayar da dukiyarsu.

Wannan doka ba ta san babba ba. Sedina Tamakloe Attionu, tsohuwar shugabar hukumar ba da ƙananan rance ta MASLOC, tana fuskantar shari'a a Babbar Kotun Akra sai ta nemi izinin zuwa Amurka ganin likita a 2021. An ba ta, ba ta dawo ba. Kotu ta umarci mutum biyun da suka tsaya mata su biya sidi miliyan 5, aka ci gaba da shari'ar ba ta nan, kuma a watan Afrilun 2024 aka yanke mata shekara 10.

A Najeriya ma an ga irinsa. Abdulrasheed Maina, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran harkar fansho, ya samu beli na naira miliyan 500, Sanata Ali Ndume na Borno ta Kudu ya tsaya masa. Maina ya daina zuwa kotu. Ranar 23 ga Nuwamban 2020 alƙali ya aika sanatan gidan yarin Kuje, ya kwana a can kwanaki kafin a ba shi nasa belin. Mako guda bayan tsare sanatan aka kama Maina a Yamai, aka dawo da shi Abuja, kuma a Nuwamban 2021 aka ɗaure shi shekara 8. Idan sanata mai ci ya kwana a Kuje saboda sa hannu, mai sayar da koko ta yi tunani sau biyu kafin ta dangwala yatsa.

Ban ce kada a tsaya wa kowa ba. Zumunci ne ya riƙe Zango tun zamanin fatake, kuma yaron da ba wanda ya tsaya masa yana iya shafe watanni a tsare a kan laifin da bai yi ba. Abin da nake roƙo shi ne a tsaya da ido buɗe. Kafin ka sa hannu, ka sa a karanta maka takardar da harshen da kake ji. Ka san nawa aka rubuta. Ka san ranar komawa kotu, ka rubuta ta a bango, ka raka shi da ƙafarka. Idan kuma ka ga take-takensa na shirin tafiya, doka ta ba ka damar komawa kotu ka ce ka janye tsayawarka tun bai gudu ba.

> AKWATI NA 5
> Fugitive: wanda ya gudu daga shari'a. Ana furta ta "fiyujitib".
> Trial in absentia: yi wa mutum shari'a ba ya nan.
> Extradition: wata ƙasa ta miƙa wanda ake nema ga ƙasar da ke nemansa.
> Red notice: sanarwar da Interpol ke aika wa 'yan sandan duniya cewa ana neman wane.

Da yawa suna zaton wanda ya tsallaka Aflao ya shiga Lome, ko ya bi ta Paga ya shiga Burkina Faso, ya sha ke nan. Labarin Maina ya nuna ba haka ba ne. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a yarjejeniyar miƙa wa juna waɗanda ake nema tun 1994, Interpol kuma, mai hedikwata a birnin Liyon na Faransa, tana haɗa 'yan sandan ƙasashe 196. Sai dai *red notice* roƙo ne ga ƙasashe su nemo mutum su tsare shi, kowace ƙasa kuma da dokarta take aiki.

Kalmar *fugitive* ta cika gidajen rediyon Ghana ranar 12 ga Fabrairun 2025, lokacin da Mai Gabatar da Ƙara na Musamman, Kissi Agyebeng, ya kira tsohon ministan kuɗi Ken Ofori-Atta da ita. Lauyoyinsa suka ce yana ƙasar waje ne neman magani. Wannan ya koya mana cewa kalmar tana iya zama abin jayayya tsakanin ɓangarori biyu, kuma kiran mutum da ita bai zama hukuncin kotu ba.

5. Wanda ya ɓoye mai gudu, da wanda ya miƙa kansa

> AKWATI NA 6
> Harbouring: ɓoye wanda ka san ya yi laifi don kada a kama shi.
> Turn yourself in: miƙa kai ga 'yan sanda.
> Remand: tsare mutum a jiran shari'a.

Dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960 ta mayar da *harbouring* laifi mai zaman kansa. Wannan yana da wuya a zuciyarmu, don an raine mu a kan cewa ba a korar baƙo, balle ɗan'uwa. Amma wanda ya san ana neman mutum a kan laifi, ya ba shi ɗaki ko kuɗin mota don ya kauce wa kamu, shi ma ya shiga cikin maganar.

Misali na 3. Saurayi ya shigo gidan kawunsa a Nima da tsakar dare.

"Kawu, ka bar ni in kwana biyu a nan. An yi faɗa a unguwarmu, an ce har da sunana."

"Ɗana, zauna ka sha ruwa. Kana ciki?"

"Wallahi Kawu ina wajen, amma ban taɓa kowa ba."

"To ba zan ɓoye ka ba, kuma ba zan kore ka ba. Da asuba za mu sami Malam, mu nemi lauya, ni da kaina zan raka ka ofishinsu. In ka gudu, duk abin da aka faɗa a kanka zai zauna, ba mai musawa."

Kawun nan bai ci amanar zumunci ba, kuma bai taka doka ba.

Dole mu faɗi gaskiya game da abin da ke sa mutanenmu gudu ko da ba su yi komai ba. Wasu tsoron bayan kanta ne. Wasu sun ga wanda aka kai gidan yarin Nsawam jiran shari'a ya shekara ba a kira shi ba, matsalar da ta sa aka kafa shirin *Justice for All* a 2007, inda alƙalai ke zuwa har cikin gidan yari su saurari irin waɗannan. Tsofaffinmu kuma suna ɗauke da tabon 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi ranar 18 ga Nuwamba, ta ba marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Zanguna sun yi kuka a lokacin, an sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, an rabu da maƙwabtan shekara talatin. Gidan da ya ga wannan, ba abin mamaki ba ne jikokinsa su taso da fargabar duk wata takarda mai tambarin gwamnati.

Maganin fargabar shi ne sanin haƙƙi. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1992 ya ce duk wanda aka kama, a gaya masa nan take, da harshen da yake ji, dalilin kamun da kuma haƙƙinsa na samun lauya. Ku ja layi ƙarƙashin "da harshen da yake ji". Kana da ikon cewa a yi maka bayani da Hausa. Sashen ya kuma ce in ba a sake shi ba, a kai shi gaban kotu cikin awa 48. Wani lauya, Martin Kpebu, ya kai waɗannan batutuwa Kotun Ƙoli. A 2016 kotun ta soke dokar da ta hana beli gaba ɗaya a kan wasu laifuffuka, ta bar wa alƙali ya duba kowace shari'a da kanta. A Disambar 2019 kuma ta ce awa 48 ɗin nan ta haɗa da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, don haka kamun ranar Juma'a da yamma ba hujja ba ce ta ajiye mutum har Talata. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa Hukumar Taimakon Shari'a, wadda a takarda za ku ga an rubuta *Legal Aid Commission*.

Ita kuwa dattijuwar mai koko, mun karanta takardar tare layi bayan layi. Washegari ta rufe tukunyarta da wuri, ta aika saƙo ga dangi a Kumasi inda ake jin yaron ya nufa, ta kuma je kotu a ranar da aka sa mata ta roƙi a ƙara mata lokaci ta nemo shi. Da ta dawo aji a makon da ya biyo baya, kalmar farko da ta ce in rubuta mata a littafinta da manyan baƙaƙe ita ce *surety*.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya karanta jimla, ɗaya ya mayar da ita Hausa, sannan ku faɗi ko ta titi ce, ko ta jarida, ko ta kotu.

a. *Dem barb am for Circle.*
b. *The driver bolted after the accident.*
c. *The accused has absconded and a bench warrant has been issued.*
d. *Bail is granted with two sureties, one to be justified.*

Tambayoyin bita

1. Kawo kalmomin Hausa huɗu da ke nufin gudu, ka faɗi wadda za ka iya faɗa gaban Sarkin Zango.
2. Mene ne bambancin *on the run* da *at large*?
3. Me ya sa kuskure ne a fassara *suspect* da ɓarawo? Wane sashe na tsarin mulki ne ya yi magana a kai?
4. Me ake nufi da *counterback*, kuma yaya ake ce masa da Hausa?
5. Idan alƙali ya ce *one to be justified*, me ake nema daga mai tsayawa?
6. Bayyana abin da ke faruwa da mai tsayawa, mataki bayan mataki, daga ranar da wanda ya tsaya wa ya ƙi zuwa kotu.
7. Me ya kai Sanata Ali Ndume gidan yarin Kuje a 2020, kuma a ina aka kama wanda ya tsaya wa?
8. An kama maƙwabcinka ranar Juma'a da ƙarfe 5 na yamma. Bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 2019, yaushe awa 48 ɗinsa za ta cika?
9. A Misali na 3, da kawun ya ba yaron kuɗin mota zuwa Aflao, wane laifi za a iya tuhumarsa da shi?
10. Ƙanwarka ta roƙe ka ka tsaya wa ɗanta beli na sidi 30,000. Rubuta tambayoyi uku da za ka yi kafin ka sa hannu.